Rigar da Na Kai wa Mai Busan Kwatano

Tun da na dawo daga Kwatano ban ɗaure sukurun rediyo ɗaya cikin natsuwa ba. Duk wanda ya biyo ta gaban rumfata a kasuwar Makarfi sai ya ja benci ya zauna, a gaisa, a tambayi iyali, a tambayi gajiya, sannan a zo kan abin da ya kawo shi: "To Habu, ka ga mutumin?" Na ba da labarin nan har bakina ya yi tsami, kuma na lura duk wanda ya tashi sai ya ƙara masa gishiri. Shekaranjiya wani mutumin Janfalan ya zauna ya ba ni labarin tafiyata, har da jirgin ruwa a ciki. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya in huta. Wanda ba ya karatun boko ya kai wa Malam Isuhu tsohon hedimasta a Kudan ya karanta masa, dama ba shi da aikin yi.

Sai na fara da Kawu Mudi, wan mahaifiyata, don ba domin shi ba ko Zariya ba na so in wuce. Mutumin Gazara ne, kuma ya yi shekara wajen talatin yana ɗauko wa dillalai motoci daga Kwatano. Wata tafiya ya kunna rediyon wata mota, sai ya ji busa. Ashe an bar faifai a ciki, fari fat, ba rubutu ba hoto. Busa ce zalla, mai laushi, ba mai waƙa, ba a kiran sunan kowa. Kawu ya cire faifan ya sa a aljihu, ya kai wa mai mota motarsa. Daga ranar duk motar da zai tuƙo da shi yake tuƙa ta.

Busa tara ce a faifan, kuma Kawu ya raba wa kowacce wurinta a hanya. Akwai Fita Iyaka, akwai Gadar Jebba, akwai wata da yake kira Maganin Gyangyaɗi. Ta ƙarshe ita ce Shiga Gazara. Wannan ba ya taɓa ta sai ya baro Makarfi, kuma ya san gudun da zai yi ta ƙare daidai ƙofar gidansa. Tana ƙarewa sai ya danna hon sau biyu, matarsa Gwaggo Rabi ta fito da ruwa.

Da ya ajiye tuƙi, mu uku muka kamu da cutar: ni, da Malam Isuhu, da Ɗanlami na Malikanchi mai tuƙa motar tumatir. Duk Juma'a bayan la'asar muna zauren Kawu, mun yi jugum, akwatin faifai a tsakiya. Mutanen gari suna mana kallon waɗanda aka yi wa asiri. Wani dattijo ya taɓa leƙowa ya saurara, ya ce, "To wa ake yi wa?" Muka ce ba kowa. Ya ce, "Ba a rawa kuma?" Muka ce ba a yi. Ya ce Allah ya ba mu lafiya, ya sa takalminsa.

Bara waccan hawan jini ya kayar da Kawu a gonar rake. Ɓarin damansa ya shanye, magana ta koma ɗaiɗai: ruwa, to, Rabi. Amma da an sa faifan sai ka ga hannun hagunsa ya tashi yana juya sitiyarin da babu, yana bin busar da maƙogwaro. Likita ma ya ce a ci gaba da sa masa. Sau nawa na ce a ba ni faifan in kwafe a memori, tun yana da lafiya, ya ce abin da ya tsallake iyaka sau ɗari ba zai kwana a rumfar mai gyaran rediyo ba.

Sai faifan ya fara tsalle. Kaɗan ne fa, wuri biyu ko uku. Ni kuwa shekarata ashirin da shida ina gyara, ban iya ganin abu yana ciwo in ƙyale shi. Na lallaɓa Gwaggo ta ba ni shi yana barci. Na goge da man goge baki, ya ɗan yi dama. Da na tsaya nan da yanzu ba ku da labarin da za ku dame ni da shi. Sai na ce bari in ƙarasa alheri, na ɗauko man da nake goge ƙarfe da shi. Garin neman gira aka rasa ido. Busa takwas suka tafi gaba ɗaya. Shiga Gazara kaɗai ta rage, ita ma rabi: tana zuwa daidai inda Kawu yake cewa nan ne kwanar firamare, sai ta maƙale tana maimaita abu ɗaya har a kashe.

Da Kawu ya zage ni da na ji sanyi. Ya saurara sau biyu, hannunsa yana sama yana jiran a wuce kwanar, ba a wuce ba. Ya sauke hannun ya juya fuskarsa bango. Daga ranar ko "ruwa" ya daina cewa, kunu ma sai Gwaggo ta yi da gaske yake shan cokali uku. Ina kallonsa yana zubewa, kuma na san da hannuna na yi.

Ɗiyata Hauwa mai karatu a Zariya ita ta fara faɗa mana sunan abin. Ta ce ƙahon sunansa saksofon, irin kiɗan kuma jaz mai laushi. Mu da algaitar Kwatano muke ce masa. Ta kara wayarta a jikin sifika, wai wayar tana saurare ta faɗi sunan mai busa. Waya ta yi juyi, ta yi juyi, ta ce ba ta sani ba. Ranar na fara ganin girman waya, don ban taɓa jin ta amsa jahilcinta ba. Hauwa ta sauko da irinsa da yawa muka sa wa Kawu. Ko motsi bai yi ba.

A mako na bakwai da lalacewar faifan Gwaggo ta kira ni ɗaki, ta buɗe akwati ta fito da babbar riga shuɗiya, aikin hannu na Zariya, tana warin kafur.

Ta ce, "Kawunka ya ɗinka ta don mai busar nan tun yana tuƙi. Cewa yake mutum ya raka ka hanya shekara da shekaru, ya hana ka barci a kan sitiyari, ai ba ka barinsa ba riga. Kullum zai kai masa, kullum masu mota suna gaggawa. Ka kai masa rigarsa, Habu. Ka gaishe shi, ka ce ya sake busa wa kawunka."

Kada in yi muku ƙarya, ni ma ban yi shakka ba. Mota 'yar Kwatano, faifai a cikinta, to mai busa ɗan ina zai zama? Malam Isuhu da duk bokonsa abin da ya ce kawai shi ne wataƙila mutumin ya tashi daga unguwar.

Ɗanlami ya yi lodi a Ikara ranar Litinin, na shiga gaba da jakata: riga, faifai, ƙaramin akwatin sa faifai, da curin mazarƙwaila shida, don ba a zuwa wurin makaɗi hannu rabbana. Wanda bai taɓa bin motar tumatir ba ya sani, tumatir shi ne mai mota. Ba a tsayawa don kai, ana tsayawa ne in ya yarda. Salla a haɗe, abinci a tsaye, fitsari kuma sai ka yi shawara da Ɗanlami tun kafin ya matse ka. Duk ramin da muka faɗa sai ya ce "sannu" yana waiwaye. Na yi awa biyu ina amsawa kafin na gane ba da ni yake ba.

Da muka hau gadar Jebba sai na ji yana bin busar wurin da hanci. Muryar Ɗanlami ba ta da daɗi ko a gaisuwa, amma bai kuskure ko ɗaya ba. Na juya ina kallon ruwa har muka sauka. Bayan Ilori muka ci baƙin tuwon doya da miya mai yauƙi. Na ce wa matar ta rage barkono, ta ce ai ba ta sa ba tukuna.

A Legas Ɗanlami ya sa ni a bas mai zuwa iyaka. Na zauna na gaida na kusa da ni yadda aka koya mini, na tambayi gida, na tambayi aiki. Ya dube ni, ya cire wayarsa daga aljihun da ke ɓangarena ya mayar ɗaya aljihun. Ban ƙara gaida kowa ba har muka sauka.

A iyaka takarduna lafiya lau, har da katin rigakafi. Mazarƙwaila ce ta tsayar da ni. Wata ma'aikaciya ta buɗe jakar, ta ga baƙaƙen curi shida naɗe a takarda, ta ja baya ta kira abokin aikinta, shi ma ya kira wani. Na ce musu zaƙi ne, rake ne. Ba wanda ya motsa. Sai na ɓantara na jefa a baki, suka tsaya suna jiran su ga abin da zai same ni. Da suka ga ban faɗi ba, ita ma ta ɗanɗana, ta lumshe ido. Da hannuna na ba su curi guda, suka raba har da mai share ofis.

Sannan ta tambaye ni abin da zan je yi, wani mai canji yana fassara.

Na ce, "Riga zan kai wa wani."

"Sunansa?"

"Ban sani ba."

"A ina yake zaune?"

"Shi ma ban sani ba."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta buga hatimi. Ina jin ta ga duk wanda zai yi ƙarya zai nemi wadda ta fi wannan.

Kwatano gari ne na babura. 'Yan acaɓarsu duk riga mai ruwan ɗorawa suke sawa, kuma mata ma suna tuƙa nasu, da goyo a baya da kwando a gaba, ba mai ko waiwayarsu. Na sauka a unguwar Zango gidan Alhaji Sama'ila, dillalin motoci, tsohon mai masaukin Kawu. Kakansa Bakano ne, amma Hausarsa ta sha Faransanci har ta ƙoshi. Ya ba ni ɗaki mai fanka, sai dai gumin garin ba ya jin fanka, ka yi wanka ka fito kamar ba ka goge jiki ba. Da safe aka kawo burodi dogo kamar sandar rake, mai tauri a baya, ba zaƙi. Da rana kuma wani farin tuwo mai tsami naɗe a ganye, da soyayyen kifi. Kwana biyu ina ƙorafi, a na uku na nemi ƙari. Gaisuwarsu ma daban. Mu mukan ce ina aiki, a ce da godiya. Su sai su tambaye ka wai ka ɗan yi kaɗan? Kai kuma ka ce ka ɗan yi. Na ga gaskiyarsu ta fi tamu.

Da na faɗa wa Alhaji abin da ya kawo ni, ya fara da jimamin ciwon Kawu. Da na zo kan riga sai kafaɗunsa suka fara rawa, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ba ni haƙuri, ya sake fashewa. Washegari ya goya ni a babur zuwa filin motoci. Motoci ne iya ganinka, an sauke su daga jirgi.

Ya ce, "Malam Habu, ga Kwatanon da kuke nufi. Ko ƙusa ba a ƙerawa a nan. Daga ƙasashen Turai suke zuwa, mu wanke, ku saya."

Ya kai ni wata rumfa inda masu wanki suke tara abin da suka tsinta a cikin motoci: takalmin jariri ƙafa ɗaya, tabarau, lema, da faya-fayai cike da kwali. Na tsaya a kan kwalin nan raina ya ɓaci, kunya ta rufe ni. Ni da nake buɗe rediyo kullum ina ganin sunan ƙasar da aka yi ta, ban taɓa tambayar kaina ba. Na kwaso riga na ratsa ƙasa guda a kan tumatir, alhali mai busar yana can wata ƙasa mai sanyi, in ma yana raye. Kawu kuma yana Gazara fuskarsa a bango.

Alhaji ya ga yadda na yi, ya daina dariya. Ya ce matambayi ba ya ɓata, akwai wata Madam Selestin a babbar kasuwa, in dai an taɓa busa abu a duniya ta ji shi. Mace ce mai jiki, rumfarta ba ta fi tawa ba, tana tura wa mutane kiɗa a memori. Ta sa guntun namu ta rufe ido, ya maƙale, ta sake sawa. Ta ce ba ta san shi ba, kuma a ganinta wani ne ya yi wa kansa a gida, shi ya sa waya ba ta san shi ba. Na miƙe zan tafi, ta nuna mini benci da baki.

Ta ce, Alhaji yana fassara, "Shekara nawa kuna jin wannan?"

Na ce ta kai goma sha biyar.

"Shi kaɗai?"

Na ce shi kaɗai. Ta dafe ƙirji kamar na ce mata shekara goma sha biyar muna cin gero ɗanye.

Awa uku ta riƙe ni a bencin nan. Ba ta tambayar suna, fuskata take kallo. In ta ga na gyara zama sai ta ce to in kana son wannan ga ƙanensa. Ta sa mini na Habasha, wanda in ka ji sai ka rantse da algaita suka haɗa kaka, mai sa ka tuna wanda ya rasu. Ta sa na Gana mai garaya irin tasu a ƙasa, na kama ƙafata tana motsi na hana ta. Ta sa na Afirka ta Kudu, busa mai kauri kamar ta mutanen da suka taso daga aiki. Akwai wani kuma ƙaho ne da fiyano su biyu kawai, suna magana a hankali. Ta sa wani da ya fi duka laushi, ta ce mace ce take busawa. Na ce a sake tambaya, ko Alhaji ne bai fassara daidai ba. Ta nuna mini hoto. Ashe mu huɗu mun zauna a bakin kogi muna lasar raɓa.

Ta cika mini memori ta raba shi gida uku: na safe, na hanya, da na ranar da rai ba daɗi. Masu cewa in tura musu, ku zo da memorinku ranar da ba kasuwa ba, kuma kada wanda ya ƙara tambayata wa ake yi wa. Amma na san duk wannan ba zai juyo da Kawu ba, don Hauwa ta gwada. Na faɗa mata haka. Ta yi tunani, ta ce mu nemi wani tsoho mai busa ƙaho, Papa Kojo, ranar Asabar yana wasa a wata unguwa bayan gada, mu bi ƙarar ƙaho za mu same shi.

Muka bi. Rumfuna, kujeru, kowa da anko, abinci kamar a zubar, masu ƙaho suna yi mata suna juyawa. Na ga wata dattijuwa a tsakiya da ɗaurin kai mafi girma, na ce wannan ce uwar amarya. Na je na rusuna na ce Allah ya sanya alheri, ya ba su zaman lafiya, ya kawo ƙazantar ɗaki. Alhaji ya faɗa mata wani abu gajere, ta riƙe hannuna biyu tana godiya. Da muka koma gefe ya ce, "Na ce mata kana yi mata ta'aziyya. Mijinta ne a jikin rigunan." Na duba, hoton tsoho ne a ƙirjin kowa. A can in mutum ya tsufa ya mutu biki ake yi masa. Mu kuwa kafin a gama sanar da dangi an dawo daga maƙabarta.

Papa Kojo ɗan ƙaramin tsoho ne, siriri, gilashin tabaransa ɗaya a tsage. Ƙahonsa ya koɗe, an ɗaɗɗaure maɓallansa da roba har wuri huɗu. Ina gani hannuna ya fara ƙaiƙayi, na san abin da zan yi masa cikin minti goma. Na tura hannun a aljihu na bar shi can. Ya ce mu same shi gida gobe da yamma, in ya taso daga coci.

Muka same shi a gindin mangwaro, matarsa tana gyaran kifi. Na sa masa guntun sau uku. Ya ce, "Wannan yaro ne, ƙirjinsa cike da iska, bai taɓa binne kowa ba. Ban san shi ba. Kuma ba zan iya zama shi ba."

Na ce na sani. Sai na ba shi labarin Kawu tun daga farko, har da man goge ƙarfe, ban rage wa kaina komai ba. Da Alhaji ya fassara maganar kwanar firamare, tsohon ya cire tabarau ya goge.

Ya ce, "Bayan kwanar, me ke gaba?"

Na ce ban sani ba, ai nan faifan ya lalace, kuma ni ban iya bin busa da baki ba.

Ya ce, "Ba faifan ba. Hanyar."

To wannan na sani. Na ce daga kwanar akwai gangara kaɗan, sai gonakin rake hagu da dama. Sai maƙabarta, inda Kawu yake rage gudu ya yi wa iyayensa sallama. Sai famfon da yara suke tare hanya. Sai wani rami da ya girmi Hauwa, wanda kowa yake kauce masa ta hagu. Sai darbejiyar ƙofar gida, sai hon sau biyu, sai Gwaggo da ruwa. Yana ji yana gyaɗa kai, yana tambayar ko maƙabartar tana da nisa da famfon.

Ya jiƙa bakin ƙahon, na kunna wayata na ajiye a kan turmi. Ya faro daga farko yadda ya ji a faifan. Da ya zo kwanar sai na jira ya maƙale don sabo, shi kuwa ya wuce abinsa. Ya gangara. Ya yi ƙasa da murya a maƙabarta har ina jin numfashinsa yana fita ta gefen ƙahon. Ya yi wasa a famfo, ya kauce wa ramin. Wani zakara ya yi cara a tsakiya, yana nan a cikin ɗaukar har yau. Sannan ya ja dogo ya sauke, ya yi shiru, ya busa gajere sau biyu. Ni dai na tashi na ce zan duba babur, ko da yake ba nawa ba ne.

Da na dawo na buɗe jaka na fito da rigar. Ya ce a'a, ba tasa ba ce, ta yaron ce. Na ce wa Alhaji ya faɗa masa, a wurinmu wanda ya kai ka gida shi ne ya raka ka. Wancan ya kawo Kawu kwanar firamare ya tsaya. Tsohon ya karɓa da hannu biyu ya zura. Kawu ya ɗinka ta ne da tunanin mai busar ƙato ne, don haka ta share ƙasa ta rufe masa hannuwa, sai kai da tabarau. Matarsa ta yi dariya har ta saki wuƙa. Shi ko murmushi bai yi ba, ya tattare hannun rigar ya ɗora a kafaɗa kamar wanda ya saba, ya ce in gaida ɗan'uwansa direba. Mazarƙwailar na ba matar, bayan na ci a gabanta.

Komowa ba wani labari, bas ce daga Legas har Zariya, kuma ba wanda na gaisar. Na isa Gazara ranar Juma'a bayan la'asar, na tarar da Malam Isuhu da Ɗanlami a zaure. Na faɗa musu gaskiya. Malam Isuhu ya ce, "Kada ka kuskura. Ka ce ka same shi, ya tsufa ne kawai. Ƙaryar da za ta sa mara lafiya ya ci abinci ai magani ce." Ɗanlami ya ce haka ne. Ni ma tun daga Ilori nake gwada faɗinta a raina.

Kawu yana kwance yadda na bar shi, sai dai ya ƙara ƙanƙancewa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce mutanen Zango suna yi masa sannu. Bai juyo ba. Na buɗe baki in yi ƙaryar, ta ƙi fita. Abin da na iya cewa shi ne, "Kawu, na kai riga."

Na haɗa wayar da sifika na kunna. Gwaggo tana madafa, ta ce ba za ta iya kallo ba.

Aka baro Makarfi. Can sai hannun hagu ya tashi a hankali ya kama sitiyari. Da aka doso kwanar firamare na ga yatsunsa sun ƙanƙame, mu ma ba mai numfashi a cikinmu. Aka wuce. Hannun ya ɗan dakata, kamar direban da ya shiga hanyar da bai sani ba, sannan ya bi. A maƙabarta leɓensa ya motsa. A ramin ya karkata hagu. Busa ta sauka, aka yi shiru, sai gajere sau biyu.

Sai ga Gwaggo Rabi a bakin ƙofa da moɗa cike da ruwa, hannunta duk gari. Ta tsaya tana kallon moɗar, don ita ma ba ta san lokacin da ta ɗebo ba.

Kawu ya juyo. Ya daɗe yana haɗa maganar, muna jira.

Ya ce, "Ba shi ba ne."

Malam Isuhu ya sunkuyar da kai. Na ce, "Ba shi ba ne, Kawu."

Ya ce, "Tsoho ne." Ya huta. "Ta bayan gari ya biyo."

Ya miƙa wa Gwaggo hannu, ta tallafe kansa, ya sha ruwan nan har ya zubo masa a wuya. Ta tambaye shi ko a kawo kunu, ya ce tuwo. Ta fita da sauri tana goge fuska da gefen zane.

Na matsa zan cire wayar in sa a caji, sai na ji ya kama bakin rigata.

"Habu."

"Na'am, Kawu."

Ya ce, "Kada ka gyara wannan."